Kurakuran da ɗalibai suka fi yi ranar firaktikal ɗin protist, da yadda ake gyara su

Salamu alaikum ƙannena 'yan bayoloji, na jami'a da na kwalejin ilimi da ma masu shirin WAEC da NECO. Na daɗe ina tsayawa a kan ɗalibai a lab ranar da ake duba ruwan kududdufi a maikiroskof, kuma abin da ke ci mini rai shi ne kuskuren bara shi ne na bana, yaro zai yi awa biyu cur a gaban na'ura ya tashi bai ga komai ba, ko kuma ya ga abu amma ya ba shi sunan da ba nasa ba, daga ƙarshe ya buɗe littafi ya kwafi zane ya miƙa. Alhali abin da ke cikin ɗigon ruwan nan wallahi ya isa ya sa mutum ya ƙaunaci ilimin nan har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Matsalar tun daga wajen ɗebo ruwa take farawa. A ce wa ɗalibi ya zo da ruwan kududdufi, sai ya je ya tsaya a bakin ruwa ya kamfato na sama garau a gorar roba ya murɗe murfi tam, ya bar ta a rana ko a but ɗin mota, washegari ya kawo. Wani ma ruwan famfo ko fiya wata zai kawo yana ganin ai ruwa ruwa ne. Ruwan famfo an sa masa kulorin, ba abin da za ka samu. Su protist, wato ƙananan halittun nan da sai da maikiroskof ake ganinsu, inda abinci yake nan suke taruwa, wato ƙasan ruwa wajen laka, jikin ruɓaɓɓen ganye, cikin gansakuka, jikin saiwar kainuwa. Don haka ka haɗo da ɗan laka da ganye biyu uku da gansakuka kaɗan, kar ka cika kwalbar, ka bar bakinta a buɗe don iska, ka ajiye a inuwa kusa da taga. Kuma dan Allah kar ka tsunduma ƙafa cikin kududdufi don ɗebo samfur, tsargiya ta fata take shiga, ka ɗaura gwangwani a sanda ka ɗebo daga gefe, in ka gama ka wanke hannu da sabulu.

In rani ne kududdufai sun ƙafe ba shi ne ƙarshen zance ba. Ka samu busasshiyar ciyawa ko harawa ka jiƙa a ruwan rijiya cikin kwalba mai faɗin baki. Da yawansu in ruwa ya ƙafe dunƙulewa suke yi su yi wa kansu ɓawo su kwanta a jikin ciyawa da ƙasa suna jiran damina, da sun ji ruwa sai su farka. Amma kar ka jiƙa yau ka duba gobe ka ce babu, kwanakin farko bakteriya ne ke cika ruwan har ya yi wari ya yi yana-yana a sama, sai bayan nan masu cin bakteriyar su yawaita. Ka ba shi kamar mako guda, kuma daga ƙarƙashin yanar nan ta sama za ka ɗauki ɗigonka.

Sai haɗa silaid. Ɗigo ɗaya ake so, ƙarami, ba tafki ba. In ruwan ya yi yawa murfin gilas ɗin yawo zai yi ta yi a kai, komai na gudu gefe guda, ɗalibi ya ɗauka halittu ne ke tafiya alhali ambaliya ce ta kwashe su. Ka lura, in duk abin da ke fili ya nufi waje ɗaya da gudu iri ɗaya to ruwa ne ke tafiya. Ka sa gefen tishu a bakin murfin ya tsotse rarar. Shi kuma murfin ba a sakinsa a kwance, ka kafa gefe ɗaya a bakin ɗigon ka jingina shi da allura ka sauke a hankali, in ba haka ba kumfar iska za ta maƙale a ciki.

Kumfar nan ta yaudari mutane ba adadi. Na tuna wata ɗaliba da ta ɗago da murna har muryarta na rawa ta ce Malam zo ka gani na samu Amoeba, na leƙa sai ga da'ira zagayayya sumul, bakinta baƙi ƙirin mai kauri, tsakiyarta fari tas ba komai a ciki. Ta riga ta zana ta har ta sa mata nukiliyas. Na ce mata ta ɗan juya ƙaramin makunnin saiti ta gani, baƙin zoben ya ƙara kauri ya rage, cikin dai wayam. Abu mai rai ba ya yin zagaye cif haka da baƙin baki, kuma cikinsa akwai ɗigo-ɗigo da tarkace. Ba ta ji daɗi ba a lokacin amma ita ce ta fara samo Vorticella a ajin ranar. Akwai kuma ƙananan ɓarɓashi da za ka ga suna ta karkarwa a waje ɗaya ba sa gaba ba sa baya, wannan ba rai ba ne, ƙwayoyin ruwa ne ke bugunsu, shi ne motsin da Robert Brown ya bayyana a 1827. Mai rai in yana tafiya za ka ga yana da inda ya nufa, ya ci karo da abu ya ja baya ya canza hanya.

Kuskuren da ya fi kowanne hana mutane gani shi ne haske. Ɗalibi gani yake in ya ƙure fitila ya buɗe ƙofar haske ta ƙasan farantin da ake ɗora silaid gaba ɗaya zai fi gani. Su kuwa yawancin halittun nan jikinsu kamar ruwa yake, haske mai yawa ratsa su yake yi ya wuce su ɓace ɓat. Ka rage ƙofar hasken har filin ya ɗan yi dishi-dishi, sai ka ga abubuwa sun fara fitowa kamar an zana su. Sau da yawa ɗalibi zai rantse silaid ɗinsa ba komai, abin da kawai nake yi in matsa ɗan hannun nan na ƙasa, in ce sake dubawa.

Haka zancen lens. Kowa so yake ya fara da x40 wai ya fi ƙarfi. Ka fara da x4 ko x10, nan ne fili ke da faɗi ka nemo abin da kake nema, ka kawo shi tsakiya, sannan ka juya zuwa x40, kuma daga nan ƙaramin makunni kaɗai za ka taɓa, in ka murɗa babban makunnin, lens ɗin zai sauka ya fasa murfin, wani lokacin ya ƙarje kansa. Na x100 kuwa ba a amfani da shi sai da man da aka yi dominsa, kuma ba aikin ruwan kududdufi ba ne, na silaid ɗin jini ne da makamantansu. Kar ka goge lens da bakin hijabi ko gefen riga, musamman da hunturu da ƙura ke ko'ina, akwai takardarsa ta musamman. Wani abu kuma, hoton a juye yake, in halitta ta gudu dama a idonka to a zahiri hagu ta yi, sai hannunka ya saba kafin ka iya binta.

Paramecium gudu gare shi, kafin ka saita ya bar fili. Wasu sai su ɗiga aidin, to aidin kashe shi yake yi, zai nuna maka nukiliyas da sitaci amma motsin da ka zo gani ya tafi. Ka fara kallonsa da rai tukuna. Ka yagi auduga 'yar kaɗan ka baza zarenta cikin ɗigon, sai ta zama kamar shinge ta tsare shi a lungu. In lab ɗinku na da metil selulos ya fi, kauri yake sa wa ruwan. A nan ne za ka ga gashin jikinsa da ake kira siliya suna kaɗawa kamar iska na bin gonar shinkafa, ka ga yana mirginawa yana tafiya, ka ga 'yar jakar nan mai kama da tauraro a kowane ƙarshen jikinsa tana cika tana matsewa tana fitar da rarar ruwa, don ruwan daɗi kullum shiga jikinsa yake, in bai fitar ba fashewa zai yi.

Amoeba kuma akasin haka ce, rashin gudunta ne ke sa a wuce ta. Ba a tsakiyar ruwa take iyo ba, rarrafe take a kan gilas, kuma in ka haɗa silaid yanzun nan a dunƙule take don an girgiza ta. Ka ajiye silaid ɗin minti biyar zuwa goma, ka duba gefen tarkace da haske kaɗan. Za ka ga wani abu toka-toka kamar an ɗiga koko, ka tsaya a kansa kar ka matsa. Can sai gefe ɗaya ya ɗan kumbura fari tas, sai ɗigo-ɗigon cikinta su kwarara cikin kumburin kamar ana zuba gero a buhu, bayanta kuma ya tattaro ya biyo. Wannan ita ce ƙafar ƙaryar da kuke haddacewa. Duk wanda ya gan ta da idonsa sau ɗaya ba sai ya sake haddace ta ba.

To yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato sanya suna da rarrabewa.

Ba duk ƙaramin abu mai motsi ne protist ba. Rotifa na nan da yawa a ruwanmu, girmanta bai wuce na Paramecium sosai ba, a kanta akwai gashi mai juyawa kamar taya biyu, sai ɗalibi ya rubuta ta cikin masu siliya. Ka duba da kyau, tana da 'yar ƙafa mai yatsu a baya da take mannewa da ita, a cikin wuyanta kuma akwai wani abu mai taunawa ba tsayawa. Dabba ce cikakkiya mai sel da yawa. Haka siririyar tsutsar nan mai bulala da jikinta, dabba ce. Haka Cyclops mai ido ɗaya da ke tsalle-tsalle, ɗan uwan jatan lande ne, kuma shi ne ke ɗauke da kurkunu a ruwan sha, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar a Najeriya da Nijar a 2013 amma har yanzu ana fama da ita a Chadi.

Ta ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suke kore amma bakteriya ne. Za ka ga zare siriri mai launin kore da shuɗi-shuɗi yana lilo a hankali, launin ya bazu ko'ina a jikinsa ba a tattare cikin kuloroplas ba, wato 'yan korayen kayan cikin sel masu haɗa abinci da hasken rana, ba shi da nukiliyas, wannan Oscillatoria ne, sayanobakteriya. Ko dihe da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi su shanya a yashi su yi miya da shi, wanda duniya ta sani da Spirulina, shi ma bakteriya ne duk da ana ce masa alga a kasuwa. Ka kwatanta da Spirogyra, gansakukar nan mai santsi a hannu, ita koren nata a cikin wani ɗan kirtani yake da ya nannaɗe kamar sifirin, sel ɗinta manya a jere kowanne da bangonsa. Abin da za ka fara tambayar kanka kenan, akwai nukiliyas da kayan ciki masu nasu bango ko babu.

Sai Euglena, wadda kullum ake gardama a kanta a aji, wani ya ce tsiro ce tunda kore ce, wani ya ce dabba ce tunda tana iyo. Tana da kuloroplas tana haɗa abinci da hasken rana, tana da filajela, wato 'yar bulalar da take iyo da ita, tana da jan ɗigo a gaba da ke taimaka mata ta bi haske, ba ta da bango mai tauri irin na tsiro shi ya sa za ka ga tana miƙewa tana dunƙulewa, kuma in ba haske tana iya rayuwa da abincin da ke narke a ruwa. Irin wannan rikicin ne ya sa Ernst Haeckel ɗan Jamus ya kawo sunan Protista a 1866, kusan shekara ɗari biyu bayan Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan ya fara ganin irin waɗannan halittu a ruwan tafki a 1674. Daga baya Robert Whittaker ya fito da tsarin masarautu biyar a 1969, wanda shi ne har yau ke cikin yawancin littattafanmu.

Kuskuren shi ne ɗaukar Protista a matsayin dangi ɗaya masu kaka ɗaya kamar yadda tsuntsaye suke. Ba haka ba ne. Buhu ne da aka zuba duk mai nukiliyas da ba dabba ba, ba tsiro ba, ba fungai ba. Haka rabon nan huɗu da muke koyarwa, Sarcodina masu ƙafar ƙarya, Mastigophora masu filajela, Ciliophora masu siliya, Sporozoa marasa abin tafiya, rabo ne na yadda suke motsi, yana da amfani sosai a gaban maikiroskof don shi ne abin da ido ke gani, amma bai nuna wa ya haifi wa ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma da aka fara karanta DNA ɗinsu maganar ta fito fili.

Duba ka gani. Paramecium da ke yawo a kududdufi ya fi kusa da Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro fiye da kusancinsa da Amoeba da suke kwana a ɗigo ɗaya, shi Paramecium da Plasmodium tare da dinofilajelat suna rukunin Alveolata, suna da wasu 'yan jakunkuna a ƙarƙashin fatar sel. Shi Plasmodium ɗin ma har yau yana ɗauke da ragowar kuloroplas da ya daina aikin haske, alamar kakanninsa sun taɓa cin abinci daga rana. Euglena koriya kuwa 'yar uwar Trypanosoma ce, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane ta hanyar ƙudan tsando, wanda saboda shi aka kafa cibiyar bincike ta NITR a Kaduna, dukkansu Euglenozoa ne. Ita Euglena ba ta da kusanci da Chlamydomonas duk da su biyun kore ne masu filajela da jan ɗigo. Chlamydomonas da Volvox da Spirogyra ɓangaren tsirrai suke, Spirogyra ma danginta na cikin mafi kusa da tsirran tudu, shi ya sa za ka ga wani littafi ya sa ta a tsirrai wani a protist.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na gero. Manoma sun san cutar nan da ke sa zangarniyar gero ta koma ganye-ganye ba ƙwaya, Sclerospora graminicola ke kawo ta, kuma 'yar uwarta Phytophthora infestans ita ce ke ƙona ganyen dankalin turawa a Filato, ita ce ta jefa Ailan cikin yunwa daga 1845. Ɗalibai na rubuta su a fungai don suna yin zare-zare kamar fumfuna. Ba fungai ba ne, bangonsu na selulos ne ba kaitin ba, kuma danginsu su ne dayatom, 'yan halittun nan ruwan zinare masu gidan gilas da za ka gani kamar ƙaramin kwalekwale suna silalewa a kan silaid. Su dayatom ɗin nan kar ka raina su, kwarin Bodele da ke arewacin Chadi tsohon gindin babban tafkin Chadi ne, cike yake da ɓawonsu, kuma daga can ne iska ke kwaso kaso mai yawa na ƙurar hunturu, har ta tsallaka teku ta kai dajin Amazon. Wato wani ɓangare na hazon da ke sauka a kan tagoginmu ragowar protist ne.

Ba cewa nake ka je jarrabawa ka yi gardama da silabus ba. In an tambaye ka ajin Amoeba bisa tsarin littafinku ka ba da amsar littafinku. Amma a ranka ka raba abu biyu, yadda halitta take tafiya daban, danginta daban.

Masu karatun lab na asibiti ku ma ga naku a taƙaice. Ba duk amoeba da ke bayan gida ce mai kawo atini ba. Ƙwan Entamoeba histolytica, mai kawo atinin, da ya nuna nukiliyas 4 gare shi, na Entamoeba coli mara cutarwa 8, kuma wannan coli ɗin ba shi ne Escherichia coli ba, wancan bakteriya ne, ka rubuta sunan a cike. Akwai kuma Entamoeba dispar da ido ba ya iya bambanta ta da histolytica, abin da ke nuna maka mai cutar shi ne ka gan ta da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta, kuma sai samfur ɗin yana sabo da ɗuminsa. A silaid ɗin maleriya kuwa gurɓataccen rinin Giemsa da ba a tace ba da ƙwayoyin daskarar da jini sun sa an rubuta wa mutane da yawa cutar da ba su da ita, ka nemi jan ɗigo tare da shuɗin zobe, ba ɗaya kawai ba. Kuma Plasmodium ba ya cikin ruwan kududdufi, tsutsar sauro ce ke ciki, shi a jinin mutum da cikin macen sauro Anopheles yake, a jinin ne ma Alphonse Laveran ya fara ganinsa a Aljeriya a 1880.

Zane kuma, nan ne nake gane wanda ya duba da wanda bai duba ba. In ka kawo mini Paramecium da ƙaramin nukiliyas da babba da komai a jere tsaf daga silaid mai rai da ba a rina ba, na san daga littafi ya fito, don ƙaramin nukiliyas ba ya ganuwa haka. Ka zana abin da idonka ya gani ko da abu uku ne, da fensir mai tsini, layi ɗaya ba shafe-shafe, layukan suna da rula kar su gitta juna. Sunan kimiyya kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, ka ja layi ƙarƙashin kowacce daban. In sunan farko kawai ka gane ka tsaya a nan ka rubuta Paramecium sp., kar ka ƙara caudatum don ka saba jinsa. In ma ba ka gane ba sam, ka rubuta siffarsa da launinsa da yadda yake tafiya, wannan maki ne.

Kar kuma ka haɗa ƙarfin na'ura da girman zane. Lens ɗin ido x10 da na ƙasa x10 sun ba ka x100, wannan na na'ura ne. Na zane kuwa tsawon zanenka za ka raba da ainihin tsawon halittar, in Paramecium ɗinka milimita 0.25 ne ka zana shi santimita 5, wato milimita 50, to zanenka x200 ne. Don ka san ainihin tsawon sai ka ɗora rula mai garau a faranti ka auna faɗin filin da kake gani, a x100 yawancin na makaranta ya kusa milimita 2, sai ka ƙiyasta guda nawa za su jeru daga gefe zuwa gefe.

In an tashi firaktikal kar ka zubar da kwalbarka. Ka rubuta kwanan wata a jikinta, ka riƙa ƙara mata ruwan rijiya kaɗan in ta ja baya, ka jefa ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu a ciki, ka roƙi mai kula da lab ya bar ka ka sake dubawa bayan kwana bakwai, sannan bayan sha huɗu. Waɗanda suka cika ruwan a makon farko za ka tarar sun ragu wasu sun karɓi wurin, kuma sau da yawa Amoeba da ka nema ka rasa ranar farko a wannan lokacin take fitowa a ƙasan kwalbar.